Inda ɗalibai ke tuntuɓe a lissafin indisis

Da zarar jarrabawar WAEC ko NECO ta ƙarato, ɗalibai kan duƙufa wajen haddace dokokin indisis, wato lissafin da ake ɗora ƙaramar lamba a saman wata, kamar 2³. Sai dai haddar ita ce ke kayar da mafi yawansu. Lambar saman aikinta ɗaya ne: ta faɗi sau nawa za a jera ta ƙasan a ninka. Wanda ya manta da haka zai ce 2³ shida ne, alhali 2 × 2 × 2 takwas ne.

Ɗauki 2³ × 2⁴. Biyu sau uku a nan, biyu sau huɗu a can, an jera biyu sau bakwai ke nan, amsar ita ce 2⁷, wato 128. Amma wani zai ninka lambobin saman ya rubuta 2¹², wani kuma ya ninka na ƙasan ya rubuta 4⁷, wanda ya kai 16,384. Ninka lambobin sama yana halatta ne a irin (x³)², inda ake samun x⁶.

Kuskuren da ya fi cin maki, a ganina, shi ne ɗaukar (a + b)² a matsayin a² + b². A ido ya yi kyau, shi ya sa yake da wuyar bari. To, a gwada da 3 da 4. Jimillarsu 7, kuma 7² shi ne 49, amma 9 da 16 sun tsaya a 25. Ina 24 ɗin da suka ɓace? Su ne 2ab da ɗalibin ya zubar. Raba lambar sama ga abin da ke cikin baka yana yiwuwa ne idan ninkawa ce ko rabawa, ban da tarawa. Ko a nan ma akan manta da lambar gaba, a rubuta 2x³ maimakon 8x³ a amsar (2x)³.

Baka na da muhimmanci ga alamar ɗebewa: (−3)² tara ne, −3² kuwa −9 ne.

Sai sifili. Da yawa kan ce 5⁰ sifili ne, amma 5³ ÷ 5³ shi ne 125 ÷ 125, wato 1. In aka ci gaba da rabawa, za a ga 2⁻³ ba −8 ba ne, 1/8 ne.