Ƙofar da Ke Shayar da Ƙwayar Jini, da Abin da Take Nufi ga Masu Sikila a Ƙasar Daura

Duk ɗan Daura ya tashi da labarin rijiyar Kusugu, inda maciji ya hana jama'a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Kakanninmu sun san cewa wanda ke riƙe da ƙofar ruwa shi ke riƙe da rayuwar gari. A jikin ɗan Adam ma akwai irin wannan ƙofa, tana kan fatar kowace jar ƙwayar jini, kuma ita ce ɗaya daga cikin dalilan da suka sa ƙishirwa ke kwantar da mai ciwon sikila.

Na fara mayar da hankali kan wannan batu ne saboda wata ɗalibata, 'yar wani ƙauye kusa da Mai'aduwa, wadda ta rasa jarrabawa har sau biyu, duka a cikin watan Afrilu. Iyayenta sun ɗauka sammu ne. Ita kuwa ta lura cewa ciwon yana tasowa ne duk ranar da ta wuni a rana ba ta sha ruwa ba.

A cikin ƙwayoyin gadon da muke karɓa daga iyaye akwai wadda masana suka sa wa suna KCNN4, tana kan kuromosom na 19. Aikinta shi ne ƙera wani furotin mai kama da ƙaramar ƙofa, wadda sinadarin fotasiyam ke bi ya fita daga cikin ƙwaya. Wani masani ɗan ƙasar Hangari, György Gárdos, shi ne ya fara bayyana aikin wannan ƙofa a shekarar 1958, saboda haka ake kiranta da sunansa. Irin waɗannan ƙofofi suna da muhimmancin da ya sa Roderick MacKinnon na Amurka ya samu kyautar Nobel a 2003 saboda gano siffarsu.

A jikin mai lafiya, ƙofar Gárdos a rufe take kusan kullum. A jikin mai sikila kuwa, idan iskar oksijin ta ragu a cikin jini, himogulobin ɗinsa yakan dunƙule ya zama kamar sanduna, ya lanƙwasa ƙwayar ta koma siffar lauje. Wannan lanƙwasa takan bari sinadarin kalsiyam ya kutsa ciki, shi kuma kalsiyam shi ne makullin da ke buɗe ƙofar. Da zarar ta buɗe, fotasiyam ya fita, ruwa ya bi bayansa, ƙwayar ta bushe ta taurare. Gwargwadon bushewarta, gwargwadon saurin dunƙulewar himogulobin. Irin waɗannan ƙwayoyi su ne ke toshe ƙananan hanyoyin jini, su haddasa azabar ciwon ƙashi da gaɓoɓi. Kuma maimakon su rayu kwana 120 kamar na mai lafiya, sukan mutu cikin kwana 10 zuwa 20.

Masana sun yi tunanin cewa idan aka toshe ƙofar, an gama da matsalar. An haɗa wani magani mai suna senicapoc domin haka, kuma ya ƙara yawan jinin masu ciwon. Sai dai a 2007 aka dakatar da babban gwajinsa, saboda bai rage yawan tashin ciwon ba. Wannan ya nuna cewa ƙofar ɓangare ce ta matsalar, akwai sauran sassa.

To, mene ne namu a ciki? Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu sikila, inda ake ƙiyasin ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ciwon a kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadon. Ƙasar Daura tana iyaka da Jamhuriyar Nijar, zafinta na bazara sananne ne. Yaron da ke da sikila a Zango ko Ɓaure ko Sandamu, wanda ake aika kiwo ko talla da tsakar rana, jikinsa na rasa ruwa daga waje alhali ƙwayoyinsa na rasa shi daga ciki. Shan ruwa ba ya rufe ƙofar Gárdos, amma yana hana jini yin kauri, yana rage haɗarin tashin ciwon. Ya kamata malaman makarantun boko da na allo su bar irin waɗannan yara su riƙa shan ruwa a kowane lokaci, kada kuma a sa su aikin rana. Mai sikila ya nemi shawarar likita kafin ya ɗauki azumi, domin shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Babban rigakafi dai shi ne gwajin jini kafin aure. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar tilasta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure. Masarautar Daura, da hakimanta da dagatanta da limamanta, tana da ikon sa a riƙa yin gwajin tun lokacin neman aure, kafin a kai ga sa rana, lokacin da janyewa ba ta zama abin kunya ba. Ɗalibar tawa ta kammala karatunta, kuma ƙannenta uku duk sun san rukunin jininsu yanzu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.