Hayaƙin Murhunki Ya Shiga Kasuwa

'Yan'uwana mata, wadda duk ta saba sayen tukwane da kwanuka a kasuwar Ƙofar Wambai ta san ciniki. To, ga wani ciniki da ba a ganin hajarsa, watau hayaƙin da aka rage.

Masu masana'antu da matafiya a jirgin sama suna ɓata iska. Sai su biya a rage hayaƙi a wani wuri, a ba su takardar shaida, kowace ɗaya a bakin tan 1 na iskar kabon. Da irin wannan kuɗi ƙungiyar atmosfair ta Jamus take sauƙaƙa farashin Save80, murhun nan mai cin itace kaɗan da ta kafa wa masana'anta a Kano. Dokar sauyin yanayi ta 2021 kuwa ta tanadi majalisar da ke lura da wannan kasuwa a Nijeriya.

Saboda haka, in an kawo miki murhu da rahusa, ciniki ne, ke ce mai haja. Kada ki sa hannu sai kin tambaya: wa zai karɓi kuɗin? Wa zai gyara in ya lalace? 'Yan makaranta, ku karanta wa iyayenku takardar. Kuma a riƙa girki da shi, don murhun da aka jera a ɗaki bai rage hayaƙin kowa ba.