Ɗakin Tarihin Samari a Bakin Komadugu

Duk wanda ya shiga gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, zai tarar an ba tufafin sarakuna muhallinsu, an ba ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe tun zamani mai nisa nasu muhallin, kai har kututturen itaciyar Tenere da mota ta kayar a 1973 an yi masa rumfa ana ziyartarsa. To, idan busasshen icce ya cancanci wannan karamci, lalle tarihin samarin da suka haƙa rijiyoyi, suka gina azuzuwa, suka tare ruwa da buhunan yashi ya fi cancanta, kuma a ganina garin Difa ne ya fi dacewa ya keɓe masa ɗaki.

Mai shirya irin wannan ɗaki zai so ya fara da 'yan sikawut, ba kuwa laifi. Asalinsu wani hafsan sojan Ingila ne, Baden-Powell, wanda ya yi yaƙi a ƙasar Asante da Afirka ta Kudu, sa'an nan a 1907 ya tara yara kimanin ashirin a tsibirin Brownsea, ya koya musu kafa tanti, da bin sawu, da ƙulla igiya, da agajin wanda ya ji rauni. Abin ya bazu cikin daulolin Turawa, ya iso Nijeriya a 1915, Musulmin Aljeriya kuma suka kafa nasu a 1935 ta hannun Muhammad Buras, suka mai da shi makarantar tarbiyya da kishin ƙasa a ƙarƙashin mulkin Faransa. Ƙungiyar Nijar ta shiga babbar ƙungiyar duniya a 1996. Ƙyallen wuya da usur da lambobin kafaɗa duk abin ajiyewa ne. Sai dai Bafulatanin da ke bin sawun saniyarsa a yashin Manga, ko Budumen da ke ɗaure kwalekwalensa a Tafkin Cadi, bai jira wani littafi daga Ingila ba kafin ya iya waɗannan fannoni.

Saboda haka rabin ɗakin, in ma ba fiye ba, haƙƙin Samariya ne. Tun kafin zuwan Nasara ƙauyukan ƙasar nan suna da sarkin samari, wanda idan ya sa aka buga ganga, sai matasa su fito gayya, su nome gonar tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, su gyara katangar masallaci, su share maƙabarta, ba don lada na kuɗi ba, sai don tuwo da kirari da gudun kunyar a ce wane ya noƙe. Malaman fiƙihu suna da babin da wannan aiki yake shiga, watau farillar kifaya, wadda idan wasu suka tsaya da ita ta faɗi a kan saura, idan kuwa kowa ya bari laifin ya hau kan jama'a duka. Da Seyni Kunce ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ƙasa kuwa tana cikin ƙangin fari da yunwa, sai ya ɗauki wannan tsohon tsari ya sa masa rigar hukuma, aka kafa Samariya a unguwanni da ƙauyuka, aka dasa itatuwa, aka gina azuzuwa da ɗakunan shan magani, ana kuma yin bikin matasa na ƙasa wanda yake zagaya manyan garuruwan jihohi, ana gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo.

Amma ɗakin tarihi ba dandalin maroƙa ba ne, wajibi ne a faɗi ɗaya gefen. Samariyar da hukuma ta ɗauka ta zama kunnen gwamnati a unguwa, ana tara ta domin tarbon manya da tafi, gayyar da dā ake fita don son rai ta koma wani lokaci kamar aikin tilas. Da aka haɗa ta da jam'iyya ɗaya tilo a ƙarshen mulkin soja, sai makomarsu ta zama ɗaya, Taron Ƙasa na 1991 ya wuce ya bar ta ba ƙarfi. Yaron da zai ziyarci ɗakin yana da haƙƙin ya san wannan, domin shi ma wata rana masu mulki za su zo neman ƙarfinsa.

Dalilin da ya sa na ce Difa shi ne halin kogin da halin zamani. Komadugu, wadda ruwan Haɗeja da na Jama'are suke haɗuwa su cika ta kafin ta gangara tafki ta wajen Boso, takan kawo cikarta ne bayan damina ta ɗauke, har ta haura gaɓa kamar yadda ta yi a 2019, ta cinye gonakin tattasai da shinkafa, ta shiga gidaje. Masu cika buhuna da dare kuwa samari ne. Tun harin da aka kai Boso da Difa ranar 6 ga Fabrairu 2015, dubban iyalai sun bar bakin kogi sun zauna a gefen babbar hanya da sansanin Sayam Foraj, yara da yawa sun girma ba su taɓa ganin gayyar ƙauyensu ba, alhali kuwa masu ɓarna sun daɗe da gane cewa saurayin da ba shi da ƙungiya yana da sauƙin ja.

Kayan da za a tara ba masu tsada ba ne: gangar sarkin samari, da tutar Samariya, da hotunan biki da ke cikin akwatunan mata, da littafin sunaye na wata tsohuwar rundunar sikawut, kowane da bayaninsa cikin Barbarci da Hausa da Fulatanci da Faransanci. Mafi gaggawa dai shi ne muryoyi, gama wanda yake saurayi a 1975 yau ya doshi saba'in ko ya haura. Ɗaliban Jami'ar Difa, da wayoyin da ke aljihunsu, suna iya bin dattawan Maine-Sorowa da Gigimi da Gudumariya gida gida su ɗauki bayaninsu a hutu guda, tare da sunan kowace rijiya da kowane aji da shekarar da aka yi su.