Kanwa da Gishiri a cikin Ruwa

A kasuwar Dakoro, gishirin Bilma da kanwar ƙasar Manga sukan zauna kusa da juna, makiyayan kwarin Tarka suna saye domin dabbobinsu, mata kuma domin tukunya. Dukkansu dangin gishiri ne, amma halinsu cikin ruwa ya bambanta.

Masana suna auna tsamin ruwa da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. Tsarkakakken ruwa yana kan 7. Abin da ya kasa haka mai tsami ne, kamar ruwan tsamiya. Gishirin miya in ya narke ba ya gusar da ruwa daga 7. Ita kanwa tana ɗauke da sinadarin kabonet, wanda ke fizge ƙwayoyin haidirojin daga jikin ruwan, su ne kuwa tushen tsami, sai ma'aunin ya haura. Shi ya sa take kashe tsamin yakuwa, take sa wake ya nuna da wuri, itace ya yi auki, abin da ba ƙarami ba ne a ƙasar da icce ke wuya. Mai shakka ya jefa ɗan gutsure cikin jan ruwan zoɓo, ya ga yadda launin zai juya.

Sai dai ruwan kanwa yana lalata bitamin B1 na abinci. Kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa tare da wankan ruwan zafi, domin sodiyam ɗin cikinta yana tara ruwa a jiki. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi yana yi mata wuya, a gaggauta kai ta likita.