Dak web: ɗalibai na alfahari, iyaye na fargaba

A hostel ba a rasa mai cewa "ni fa na taɓa shiga dak web", yana faɗa kamar wanda ya kwana a dajin Sambisa ya dawo. A gida kuwa, iyaye sun ji a bidiyon WhatsApp cewa can ake sayar da ƙodar mutane. Da sun ga yaro ya raba dare da waya, sai hankali ya tashi.

Dak web ɓangaren intanet ne da Google ba ya nunawa. Sai da manhaja irin Tor ake shiga, wadda ke ɓoye inda mutum yake. Ba duka ne sharri ba. BBC ma ta buɗe shafinta a can a 2019, saboda ƙasashen da ke toshe labaranta.

Amma kasuwar haram na nan. Silk Road, inda ake cinikin ƙwaya da Bitcoin, FBI ta rufe ta a 2013. Mai ita, Ross Ulbricht, ya sha ɗaurin rai da rai, sai a 2025 Trump ya yafe masa. Shi ma ya ɗauka ba mai ganin sa.

Abin da ɗalibai da iyaye duka ke mantawa: ba sai ka shiga ba zai taɓa ka. Lambar sirri da bayanan banki da aka sace, can ake kai su kasuwa. Link ɗin "tallafin gwamnati" da ke neman BVN ɗinka kuwa, wani lokacin a group ɗin gida yake fara zuwa, kuma Baba da kansa ya turo.