Mararaba: Birnin da ake mulka da tsarin ƙauye

Duk wanda ya saba bin hanyar Keffi zuwa Abuja da sanyin safiya ya san irin dogon layin motocin da kan taso tun daga Masaka, ya ratsa Ado da Mararaba har zuwa Nyanya, inda ake shiga Birnin Tarayya. Mutanen da ke cikin motocin nan su ne ma'aikatan ofisoshi da direbobi da masu gadi da 'yan kasuwar da Abuja ke tafiya da guminsu. Da rana na Abuja ne, da dare kuma na Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa.

Sunan garin ma ya isa shaida. A Hausa, mararraba wuri ne da hanya ta rabu biyu, kalmar kuwa daga "raba" ta samo asali. Wuri ne na wucewa, a ƙasar Gbagyi manoma, waɗanda sarkinsu, Esu Karu, ke nan har yau. Abin da ya sauya masa fuska shi ne dokar 1976 ta zamanin Janar Murtala Muhammed, wadda ta kafa sabon Birnin Tarayya, sai kuma tarewar gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991. Tsadar haya ta kora ƙananan ma'aikata zuwa bayan gari, rushe-rushen da aka yi lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, suka ƙara turo wasu dubbai. Haka filayen doya da dawa suka koma unguwanni, akasari ba tare da an fitar da tituna ko magudanan ruwa ba.

A nan gizo ke saƙar. Gari ya zama birni, amma tsarin mulkinsa bai bambanta da na ƙaramar hukumar karkara ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota, da kwashe shara, da raɗa wa tituna suna, da sanya wa gidaje lamba. Wannan nauyi a Karu ya fi ƙarfin majalisa guda. Fadar jihar tana Lafiya, nesa da matsalar, hukumar Abuja kuwa ikonta ya tsaya a kan iyaka, ko da yake ita ke cin moriyar mutanen.

Duk da haka jama'a ba su naɗe hannu ba. Ƙungiyoyin masu gidaje ne ke tara kuɗi su cike ramukan layi, su gyara taransifoma, su biya 'yan sintiri. Masallatai da majami'u da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya su ne madogara wajen biki da rasuwa. A kasuwar lemo ta Mararaba za ka ji Batibi da Ba'egon da Ibo na ciniki da Hausa ko da Turancin buroka. Ranar 14 ga Afrilu, 2014, da bam ya tashi a tashar Nyanya ya hallaka fiye da mutum 70, akasarinsu masu sammakon zuwa aiki ne, kuma bai tambayi kowa ƙabilarsa ba.

To, ina mafita? Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, mataki ne mai kyau, sai dai kuɗi kaɗai ba ya tsara birni. Ana bukatar hukumar haɗin gwiwa tsakanin Abuja da Nasarawa da za ta riƙe sufuri da shara da ruwan sha a matsayin abu guda. Haka kuma, tun da doka ta ce harajin albashi na jihar da mutum ke zaune ne, wajibi ne a tabbatar ya isa Nasarawa, a kuma ga aikinsa a Karu.

Su ma mazauna da nasu laifin. Da yawansu kan tafi garuruwansu na asali su yi zaɓe, ba su ma san sunan kansilan mazaɓar da 'ya'yansu ke girma a cikinta ba. Wanda bai ɗauki gari nasa ba, da wane baki zai tuhumi shugaban ƙaramar hukuma? Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba.