NOMAN RANI: Don mi albasar iri take ƙin yin fure?

Kowace shekara in kaka ta yi, masu garka suna neman irin albasa. A kasuwa iri yana da tsada. Wani lokaci ma mutum ya saya da kuɗɗinsa, ya shuka, bai tsira ba, don tsohon iri ne. Shi ya sa manoma da yawa a Galmi da Madawa da gulbin Maradi suke fid da irinsu da kansu. Amma akwai wanda zai dasa albasar iri, ya yi ta ban ruwa wata 3, sai lawashi kawai, babu fure. In babu fure, babu iri. Baɗi sai ya sake saye.

Albasa shekara 2 take yi kafin ta ba da iri. A shekarar farko tana yin lawashi da kai. Kan nan rumbunta ne, ciki take ajiye abinci. A shekara ta biyu take cin abincin nan, ta fid da kara mai fure. Kafin ta yi haka tana bukatar abu biyu: hutu da sanyi.

Hutu shi ne zaman da take yi cikin rudu bayan an cire ta da bazara. Albasar da aka cire jiya, in aka dasa ta yau, ba ta tsira da wuri, barci take yi. Sai ta huta duk damana, a wurin da iska ke shiga, ruwa ba ya taɓa ta.

Sanyi kuwa shi ne babban abu, nan ne mutane suka fi yin kure. Sanyin dare na watan Disamba da Janairu shi ke sa albasa ta fid da kara. Amma sai sanyin ya iske ta ta riga ta kama ƙasa, ta yi ganye. Don haka lokacin dashe shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Wanda ya tsaya sai ya gama sussuka da cin kasuwa, ya dasa a ƙarshen Janairu, ya makara. Zafi zai iske albasarsa tun ba ta shirya ba. Ba laifin ƙasa ba ne, ba kuma baki aka yi wa garkar ba.

Wajen zaɓe, a ɗauki kai matsakaici, mai faɗin santimita 4 zuwa 6, mai ƙarfi, marar ruɓa, mai siririn wuya. Ƴan ƙanana ba su da isasshen abinci. Kai 30 ya isa ƙaramar garka ta bayan gida, domin kowane kai yana fid da kara fiye da ɗaya. Manoma da yawa suna yanke saman kai, kashi 1 cikin 3, da wuƙa mai tsabta, su barbaɗa toka, su bari wurin yankan ya bushe. Haka yana sa ta tsira da sauri, kuma nan ake gane wadda ta ruɓe a ciki. A dasa saiwa ƙasa, kada a binne da zurfi. A bar santimita 30 tsakanin kai da kai.

Takin gida ruɓaɓɓe ya fi, a sa shi cikin fangali tun kafin dashe. Takin zamani mai suna ure, in ya yi yawa, ganye yake ƙarawa, kara kuma ya yi laushi, iska ta kayar da shi. Ruwa kuma a ba ta daidai, kada ya kwanta.

In fure ya buɗe, zuma da ƙudaje su ne ma'aikata. Su ke yawo daga fure zuwa fure, har ya ɗauki ƴaƴa. Wanda ya fesa maganin ƙwari a lokacin ya kashe su. In akwai ƙwari cikin ganye, a gaya wa malamin gona tun fure bai buɗe ba. Kuma kada a dasa jar albasa ta Galmi kusa da fara ta Sumarana, zuma za ta gauraya su.

Akwai wata albasa da ke fid da kara tun shekarar farko, cikin fangalin albasar sayarwa. Wasu suna murna, su ce sun samu iri ba wahala. Wannan iri ba shi da kyau. Kan uwarsa ƙarami ne, da kara mai tauri a tsakiya, ba ya ajiyuwa cikin rudu, ɗan kasuwa kuma ba ya sonsa. Ƴaƴanta halinta za su ɗauko. A karya karan tun yana ƙarami, a ci albasar a gida. Wadda ta jira shekara ta biyu ita ce uwa ta ƙwarai.

Wajen watan Maris ko Afrilu, in aka fara ganin baƙin iri cikin kwanso, a yanke furen da guntun kara, da safe. A shanya bisa tabarma cikin inuwa, a murza, a sheƙe. A zuba cikin buhun zane ko kwalba busasshiya, a rubuta shekarar a jiki. Irin albasa ba ya daɗewa: in ya wuce shekara 1, da yawa ba ya tsira.